Motar da Ke Suma

Sau uku Ishaya Gimba na kawo ta garejina a Kurmin Mashi,
sau uku tana ƙaryata shi a gabana.
In murza makulli, ta tashi da tari ɗaya,
ta zauna a silo lafiya lau,
kamar yaron da zazzaɓi ya saki a ƙofar asibiti.

"Oga, jiya ma ta mutu a hawan Kujama,
buhu ashirin na citta a bayanta.
Na zauna bakin titi na ci gyaɗa,
na sake murzawa, ta tashi kamar ba ita ba."

Na canza filta. Kuɗinsa ya tafi.
Na tsiyaye ruwan da ya kwanta ƙarƙashin dizal,
rabin kofin shayi,
na ce ga ɓarawon nan. Ashe ba shi ba ne.
Mai wayarin ya bi waya ɗaya bayan ɗaya,
ya ɗaure abin da bai kwance ba, ya karɓi nasa.
Wani a Panteka ya rantse famfon injekta ne.
Ƙanin Ishaya ya ce hannu ne, a yi mata hayaƙi.

Ran Laraba na rufe gareji da azahar.
Ciwon da ya ƙi zuwa wurin likita,
likita ke bin sa gida.
Muka loda mata matattun injuna biyu don nauyi,
na yanke layin mai, na jona farin tiyo
wanda ake ganin cikinsa,
na zagayo da shi ta taga zuwa cinyar Sagiru.
Na ce, kada ka kalli hanya, kada ka kalle ni,
wannan kaɗai.

Sabon Tasha, lafiya.
Mararrabar Rido, lafiya.
Har na fara jin kunyar man da muke ƙonawa.
Sai hawan ya zo, na taka totur,
na ji ƙafata ta nutse cikin auduga.
"Oga, ba kumfa!" in ji Sagiru. "Tiyon ne ya lotse!"
Na duba. Ya shafe kamar kumatun tsoho mai tsotson ƙashi.
Ta yi tari biyu, ta yi shiru.

Muka zauna. Babu mai magana.
A hankali tiyon ya kumburo, mai ya dawo da kansa.

To, ba iska ke shiga ba.
Wani ne ke riƙe ƙofa daga ciki.

Na ɗora jarka a kujera, na ba ta mai kai tsaye,
ta hau tudun nan sau uku ko atishawa babu.
Inji ya fita daga zargi.
Muka sauke tanki ƙarƙashin wani mangwaro,
muka juye shi a baho, na haska tocila: wayam.
Sai Sagiru ya zura siririn hannunsa ta ramin geji,
ya laluba, ya laluba,
ya fito da ita tsakanin yatsu biyu.

Leda.
Irin wadda 'yan bumburutu ke sa wa murfin jarka,
faɗinta bai kai tafin jariri ba.
Inji ya ja da ƙarfi, ta zo ta manne bakin bututu.
Inji ya mutu, ta saki, ta koma iyonta.

Ishaya ya daɗe yana kallon ta a tafinsa,
leɓensa na lissafin wata biyu.
Bai yi dariya ba. Ya ninke ta, ya sa cikin lasin.

Da dare na kwanta, warin dizal bai bar farcena ba.
Abin nan ya zo, wanda ke tsayar mini da numfashi
ya sake ni kafin asuba.
Sau uku ina kai kaina asibiti,
sau uku ƙirjina na zama a silo, lafiya lau.